Motar da Ta Ƙi Ruwan Inna

Tuƙi ne sana'ata tun ina saurayi. Na ja motar haya tsakanin Talata Mafara da Bakura, na ja babbar mota ta ɗaukar shinkafa, daga baya yayana ya ce in bar wannan wahala in riƙa jan tasa. Shi ne ɗan fari a ɗakinmu, ni ne auta. Fataucin shinkafa da albasa yake yi, kuma Allah ya buɗa masa. Ni mutum ne mai son kowane abu ya bi layinsa. Da safe in duba ruwa, in duba baƙin mai, in zagaya tayoyi, sannan in wanke mota daga rufi zuwa ƙasa. Wanda ya fara wanki daga taya ban ɗauke shi direba ba. Wannan labarin ma zan bi shi yadda ya faru.

A shekarar da nake magana Yaya ya sayi baƙar mota. Na ba shi shawarar fara ko ruwan toka, domin na san abin da ranar ƙasarmu take yi wa baƙin fenti, ya ce shi baƙa yake so. Ba a jima ba wani abokinsa ya gaya masa akwai abin da ake shafa wa mota a Gusau wanda yake kare fenti. Muka kai ta.

Wurin wata rufaffiyar rumfa ce mai fitilu da yawa. Mai aikin bai bari na taɓa komai ba. Na zauna a benci ina kallo, kuma na yaba masa, don yana da tsari. Ya fara wanke ta da kumfa. Ya bi jikinta da wani abu mai kama da danƙo yana cire ƙazantar da ta maƙale. Ya kawo inji mai juyawa ya goge duk wani karce, har fentin ya koma kamar ruwan rijiya mai zurfi. A ƙarshe ya ɗauko 'yar kwalba wadda ba ta fi ta turare ba, ya riƙa ɗiga ruwanta a kan soso yana shafawa, a tsaye sannan a kwance, yanki bayan yanki, yana bi da tsumma mai laushi. Ya ce sunan abin siramik. Idan ya bushe yakan zama kamar siririn gilashi a kan fenti. Rana ba ta cin launin, kashin tsuntsu ba ya ƙona shi, ƙura ba ta samun wurin kamawa. Ya ce a bar masa ita ta sha iska kafin ruwa ya taɓa ta.

Ranar da muka koma ɗauka, ya ɗebo ruwa a buta ya zuba a kan bonet, wato murfin injin. Ruwan bai shimfiɗu ba. Ya dunƙule ƙwaya-ƙwaya kamar an tsinka tasbaha, ya gangara ƙasa, wurin ya rage a bushe. Yaya ya yi dariya ya ce a sake zubawa. Ni ma abin ya yi mini, don na ga wankin safe zai yi sauƙi. Babu wanda ya tuna da Inna a cikinmu.

Inna ita ce mahaifiyarmu. Tana zaune a Morai, a gidan da mahaifinmu ya rasu ya bar ta, kuma ta ƙi dawowa gari. Ita ce mai wankan gawar mata a unguwarsu tun kafin a haife ni. Idan an yi rasuwa, ita ake fara aikawa a kira, ta ɗauki ganyen magarya da kafur ta tafi, ta dawo ba ta ce wa kowa komai. Ban da wannan, babu abin hawan gidanmu da yake barin ƙofar gida ba ta sa masa hannu ba. Ƙaninta, wato kawunmu, malami ne a Bakura, shi yake aiko mata da rubutu a jarka. Idan za mu tafi sai ta zuba a 'yar ƙwarya, ta yayyafa gaba da baya, dama da hagu, sannan ta tsoma tafin hannunta ta ɗora a kan bonet ta yi addu'a. Tana ɗagawa sai shatin yatsunta ya fito a cikin ƙura. Da wannan shatin muke tafiya, kuma ba na wanke wurin sai mun isa inda za mu. Ta yi wa keken mahaifinmu haka, ta yi wa babur ɗin Yaya na farko. A shekarun nan da hanyoyinmu suka zama abin da suka zama, har wanda yake cewa camfi ne yakan tsaya a yi masa.

Akwai kuma kunyar ɗan fari. Inna ba ta kiran sunan Yaya, ba ta yi masa magana kai tsaye. Ko yana durƙushe a gabanta, ni take gaya wa in gaya masa.

Mun kai mata motar ana cikin zafin bazara, da hantsi. Hanyar ƙauye ce, na yi tsammanin za mu isa jajir da ƙura, amma da na fito na ga ɗan abin da ya hau ta iska ma tana ɗauke shi. Ta tsaya a ƙofar gida baƙa ƙirin, katangar ƙasa da bishiyar dogon yaro duk suna cikinta. Yaran unguwa da suka saba zuwa su yi zane da yatsa a jikin mota suka tsaya daga nesa. Wani zakara ya zo ya tsaya gaban ƙofar baya, ya miƙa wuya, ya daɗe yana kallo, sai ya juya ya tafi bai yi cara ba. Wani tsoho maƙwabcinmu da idonsa ya yi rauni ya zo wucewa, ya ga mutum a jikin motar, ya yi masa sallama.

Muka gaisa da Inna, muka ci abinci. Na lura ƙafafunta sun ɗan kumbura, tana kuma hutawa a tsakiyar magana. Ta ce tsufa ne. Da za mu tafi ta ɗauko ƙwaryarta ta fito a hankali. Ta yayyafa a gaba. Ruwan ya dunƙule ya gangara, ya zuba a ƙasa. Ta tsaya. Ta zagaya ta yayyafa a baya, haka. Dama da hagu, haka. Ta dawo gaba, ta tsoma hannu ta ɗora a kan bonet, ta yi addu'arta har ƙarshe, ta ɗaga. Babu shati. 'Yan ɗigo ne kawai, su ma suka bi juna suka sauka. Ta sake tsomawa ta ɗora, ta danna da ƙarfi. Ta ɗaga. Wurin yana nan kamar ba a taɓa shi ba.

Sai ta sunkuya ta leƙa cikin fentin. Inna ba ta ajiye madubi tun rasuwar mahaifinmu. Ta daɗe a sunkuye tana duban tsohuwar da take dubanta daga ciki.

"Auta," ta ce, "mi kunka yi wa wagga mota?"

Na ce, "Magani ne anka shafa mata, Inna, don kada rana ta ci fenti."

"Rana kaɗai shika korewa?"

Yaya ya yi dariya ya ce, "Ka gaya mata har ruwan sama ba ya zama. Shi ne kyawun abin."

Ba ta dube shi ba. Ta zubar da sauran rubutun a gindin katanga, abin da ban taɓa ganin ta yi ba, ta ce, "Ka gaya mishi na san inda nika ganin ruwa na yin haka. Ruwa shina kama mai rai. Ku tahi, Allah shi kiyaye."

Muka tafi babu shati. A hanya Yaya ya kunna rediyo, ya kashe, ya sake kunnawa. Ni dai idona yana komawa kan bonet. Daga baya na tambayi wani dattijo da yake wankan gawar maza a Talata Mafara ko gaskiya ne ruwa ba ya kama jikin mamaci. Ya ce wani lokaci yakan gani, wataƙila saboda man da ake shafa wa majinyaci ne. Sannan ya ƙara da cewa ya taɓa gani ga wanda ba a shafa wa komai ba.

Da damina ta sauka ciwon Inna ya tashi. Yayata da take aure a Maradun ta zo jinya, ita ta kira mu. Muka tarar kumburin ya hau har gwiwa, ba ta iya kwanciya sai a jingine da bango, numfashinta ana jin sa daga tsakar gida. Wani ma'aikacin lafiya na ƙauyen ya duba ta ya ce ruwa ne yake taruwa a jikinta, abin ya fi ƙarfinsa, a kai ta asibiti a Talata Mafara kada a ɓata lokaci.

Na gyara kujerar baya, na sa matashi, na buɗe ƙofa, na shiga ɗaki na ce, "Inna, mota ta shirya."

"Wace?"

"Ta Yaya."

"Ba ni shiga."

Yayata ta ce, "Haba Inna, mota ce fa awa kowace mota. Har sanyi gare ta ciki."

"Na san da sanyi," in ji Inna. "Ke ki shiga ki sha."

Babu yadda ba mu yi ba. Babur ba zai yiwu ba, don ba ta iya zama ba a riƙe ta ba. Motocin da suke shiga ƙauyen a-kori-kura ne na ranar kasuwa, a buɗe, cike da buhuna da awaki, ga ruwan sama. Na nemi direbobin da na sani a tasha su kawo ƙaramar mota, kowa ya kawo dalili: wannan laka, wancan labarin da ya ji game da hanya. Mota ɗaya ce a ƙofar gida, kuma ita ce Inna ta ce ba ta shiga. Ta ce idan lokaci ne, gara ya same ta a ɗakinta da ya same ta a cikin abin da ya ƙi karɓar addu'a.

Yaya ya hasala. Ya tsaya a bakin ƙofar ɗakin ya ce, "Ka gaya mata fenti ne kawai. Ƙarfe ne da fenti. Mi ya haɗa fenti da ajali?"

"Ka gaya mishi ban ce ya haɗa ba. Na ce ba ni shiga."

Washegari na je Bakura na ɗauko Kawu. Ya zo da sabon rubutu, ya zauna a tabarma kusa da ita, suka yi gaisuwa mai tsawo kamar babu abin da ya kawo shi. Sannan ya ce mata addu'a ba a jikin ƙarfe take zama ba, wurin Allah take zuwa. Ya ce a yayyafa a taya, a yayyafa a kujeru, ta sha sauran, ya isa. Ta bar shi ya gama.

"Malam," ta ce, "ni na goye ka. Karatu naka ne, ban musa ba. Amma kai ka taɓa wanke wanda ka sani?"

Kawu ya ce ya sha yin salla a kansu.

"Salla daga nesa aka yin ta," in ji ta.

Ya fito ya same mu a zaure. Ya ce yayarsa ce, ya san ta, ba a juya ta da hujja. Muka fita tare ya tsaya gaban motar. An yi yayyafi da safe, ɗigon ruwa suna zaune a kanta kowanne shi kaɗai, babu wanda ya haɗu da ɗan'uwansa. Kawu ya kai yatsa ya taɓa ɗaya, ya gudu ya bar yatsan. Ya goge hannunsa a riga ya ce, "Ikon Allah."

Ni ne na kawo maganar cirewa. Na ce tunda hannunta take so ya zauna, a kankare wurin da take ɗora shi. Yaya ya kira mai aikin na Gusau a waya. Mutumin ya ce abin ba ya fita da sabulu ko fetur, sai an ci shi da inji, kuma ya roƙe shi kada ya ɓata aiki mai kyau. Yaya ya kashe wayar ya zauna a dakali. Daga cikin gida ana jin numfashin Inna, yana ja yana tsayawa.

Na fara da toka da soson kara, yadda ake wanke tukunya. Na goge har hannuna ya gaji, na zuba ruwa, ya dunƙule ya sauka. Na kawo yashi mai laushi na jiƙa na goge. Karce ya fito, amma ruwan yana nan yana gudu tsakanin karcen. Mutane suka fara taruwa. Sai Yaya ya tashi ya tafi wurin kafintan unguwa ya dawo da sanfefa. Ya cire babbar riga ya ba ni na riƙe, ya ce in matsa. Ya sa ƙarfinsa duka. Ƙarar ta yi kama da ana wasa wuƙa. Baƙin ya dusashe ya koma toka-toka, farin gari yana tashi yana hawa gashin hannunsa. Bai tsaya ba sai da ya ci wuri mai faɗin faifai. Ya karɓi buta ya zuba. Ruwan ya kwanta, ya jiƙa wurin, ya zauna.

Ni da yayata muka riƙo Inna muka fito da ita. Ta dubi wurin, ta dubi hannun Yaya, ba ta dubi fuskarsa ba. Ta tsoma tafinta a ƙwarya ta ɗora. Addu'ar ta yi tsawo saboda numfashi. Da ta ɗaga, yatsunta biyar suna nan a cikin farin garin.

"To," ta ce. "Ku sa ni."

Muka tashi bayan azahar. Yaya yana gaba, Inna da yayata a baya. Ban yi gudu ba saboda ramuka. Ba mu yi nisa ba Inna ta fara yi wa yayata bayani, a natse, kamar mai koyar da girki. Ta faɗi matar da take so ta wanke ta da wadda ba ta so ta shiga ɗakin. Ta faɗi inda ta ajiye likkafaninta. Ta ce a fara da dama, a dumama ruwan kaɗan, kada a cika kafur don ba ta son ƙarfinsa. Yayata tana kuka a hankali tana cewa to. Yaya ya juya fuskarsa waje.

Da muka hau kwalta hadari ya haɗo, ruwa ya sauko. Na ƙara mai. A nan na ga abin da ban taɓa lura da shi ba: ɗigon da suke sauka a kan bonet ba ƙasa suke yi ba, sama suke tahowa, a guje, layi-layi, suna nufo mu, su hau gilashi su wuce ta rufi. Na san iska ce take kora su. Amma na duba madubi na ga Inna ta daina magana, ta miƙe zaune, tana bin su da ido.

"Auta, ruwa na hawa tudu?"

"Iska ce, Inna."

"Uhm," ta ce. Ta rufe ido, leɓenta yana motsi, har muka shiga gari.

An karɓe ta a asibiti. Likita ya ce zuciya ce ta gaji, kuma da an ƙara jinkiri da labarin ya canza. Aka ba ta gado, aka yi ta ba ta magani, kumburin ya fara saɓewa. Ta yi makonni a can. Ta koma cin tuwo, ta koma faɗa da yayata a kan gishirin da aka hana ta. Kullum ina kai abinci da motar, ina ajiye ta a inuwa, ba ta taɓa tambayar ta ba.

Ranar da aka sallame ta Talata ce, ranar kasuwa. Na kawo mota har bakin ƙofa, na buɗe baya. Ta fito da ƙafarta, tana dogara sanda. Ta tsaya ta dubi bonet. Ruwan sama ya daɗe da wanke shatin, sai tabon sanfefa.

Na ce, "In ɗauko rubutu ki sake sa hannu?"

"A'a. Ta kawo ni, na gode mata. Ba a roƙon irin wagga abu sau biyu."

Yaya ya tafi tasha da kansa ya samo a-kori-kura mai komawa Morai. Direban ya ce ta shiga gaba, ta ce warin fetur yana tayar mata da zuciya. Aka gyara mata wuri a baya a kan buhunan dusa, aka jingina ta da kan a-kori-kurar, yayata a gefenta, sauran matan kasuwa suka matsa mata. Zaman ya sa fuskarta tana duban baya. Yaya ya ce in bi su da kayanta da magungunanta, shi zai zo da yamma.

Na bi su, ni kaɗai a cikin mota. Rana ta fito bayan ruwa, gonakin gero kore shar dama da hagu. A-kori-kura tana tafiya tana rangaji, ni ina biye, tazararmu ba ta da yawa. Matan suna hira suna dariya. Inna ba ta cikin hirar. Idonta yana kan baƙar motar, ba a kaina ba, a kan motar. Idan na rage gudu na ga kafaɗunta sun sauka. Idan rami ya sa na matso na ga ta kama hannun yayata. Muka bar kwalta muka shiga hanyar ƙasa a haka.

Wajen wata 'yar gada ta ɗaga hannu. Na ɗauka kira take yi, na matso. Sai na ga bayan hannun take nuna mini, tana turawa, a hankali, yadda ake korar abin da ba a so a tayar masa da hankali.

Na sauka gefen hanya na kashe inji. Na zauna ina kallon su suna ƙanƙancewa, farin mayafinta ne abin da na daina gani a ƙarshe. Na jira har na tabbata sun isa gida an shigar da ita ɗaki. Sannan na tayar, na ajiye motar a bayan gari wajen masussuka, na ɗauki kayanta a ka na ƙarasa da ƙafa.